Ranar da Motar Ciyawa Ta Zo

Daejeon,
9 ga Janairu.

Zuwa ga Yaya Tungalag,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kin isa Mongoliya lafiya, kin tarar da Baba da Yaya Gantumur cikin ƙoshin lafiya. Kina dai cin abinci ko? Na san halinki, in kika sa abu a gaba sai ki wuni da shayi kawai.

Tunda kin ce waya ba ta kamawa a zangonku, ga ni na koma biro da takarda kamar kakata. Na aika ta gidan wayan gundumarku. In direban da kika ce ya kawo miki, ki ba shi amsa ya juyo da ita.

Jiya Farfesa Ok ya tare ni a bakin ofishinsa yana tambayar babinki. Na ce kina can kina jin ta bakin makiyaya, ya ce bakin makiyaya ba zai rubuta masa babi ba. Aikin nan na mu uku ne, in ɗaya ya makara duk mun makara. Noboru, ɗan Japan ɗin nan namu, ya gama nasa tun kafin sabuwar shekara, shafi arba'in a kan katangun teku na Japan da jiniyar da ke kuka kafin ruwa ya iso. Yanzu yawo yake a ɗakin karatu yana hura hanci. Wai a sha'anin sauyin yanayi gwamnatinsu ce ta ɗaya, tamu ta Koriya ta biyu, taku kuwa a ba ta kyautar halarta. Na ce masa katangar da ta hana masunci ganin teku ai kurkuku ce, ya ce gara kurkuku da kabari. Saura kaɗan in kwara masa kofin da ke hannuna.

Ni na tsaya muku. Na nuna masa sanarwar da ta ce an tanadi ciyawa za a kai kowace gunduma kafin sanyi ya tsananta. Ki duba min ko ta iso, da ranar da ta iso, da yadda aka raba ta. Abin da muke kwatantawa ke nan, me aka yi alkawari, me ya kai hannun mutum. Nawa babin na ambaliyar birni da masu zama a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa yana tafiya daidai, alƙaluma sun zauna tsaf.

Ki miƙa gaisuwata ga Baba cikin girmamawa.

Ƙanwarki,
Pyo Mi-ran

*

Zangon hunturu,
27 ga Janairu.

Mi-ran,

Ina gaishe ki. Da in tambaye ki ko kina hunturu lafiya, amma bana ba mai yi wa wani wannan gaisuwar a nan.

Ciyawa ba ta zo ba. Shugaban gunduma ya ce hanya ta toshe, ana jiran katafila. Makon jiya ma haka ya ce.

Damina ba a yi ruwa ba, ciyawar da ta fito ba ta wuce tsawon yatsa ba. Dusar ƙanƙara ta sauka da wuri, aka yi kwana biyu ana ɗumi ta narke, sai sanyi ya dawo ya daskarar da ita kamar an daɓe ƙasa da gilashi. Tumaki na tono har kofatonsu ya tsage, ƙanƙarar ta yi ja, ba su kai ga komai ba. Awaki sun fara cin gashin juna. Kullum da safe ni da Yaya Gantumur muke jan matattu ta ƙafa mu kai bayan garke. Tulin ya fi ni tsawo yanzu. Ba ma feɗe su, sun yi tauri kamar icce.

Wasu tumakin sun fara haihuwa kafin lokaci. Uwar da ba ta ci ba, in ta shayar mutuwa za ta yi, saboda haka Yaya yake ɗaukar ɗan tun yana jiƙe, ya riƙe ƙafafunsa na baya, ya maka kansa da dutsen garke. Sau ɗaya yake yi, ba ya kuskure. Jiya sha ɗaya ya yi. Da ya gama ya shigo tanti, ya zauna, ya bar shayinsa ya huce a kwano. Baba ya juya fuska bango. Shekarunsa saba'in da ɗaya, ya ga irin wannan mugun hunturu mai kashe dabbobi, wanda muke kira zud, sau da yawa, amma ya ce da can sai a yi shekara goma ba a gani ba, yanzu wannan ne na uku cikin shekara shida.

Akwai maƙwabcinmu Baasan a bayan tudu. Tare suka tashi da Yaya, tare suka koyi kokawa, Yaya ne ya ɗauko masa amarya. Ranar Talata dawakinsa suka faɗa gangaren kudu, ɗan wurin da iska ta share mana muke lallaɓawa. Yaya ya kore su da bulala. Da rana sai ga Baasan a kan babur, ya ce tun yaushe dutse ya zama na gidanmu. Yaya ya ce tun ranar da shi Baasan ya zama malalacin da bai yanki ciyawa da kaka ba. Baasan ya juya ƙotar bulala ya fasa masa gira. Sai da Baba ya shiga tsakaninsu da sandarsa. Ni na ɗinke girar da zaren takalmi.

Ki gaya wa Noboru mu ba mu da tekun da za a yi wa katanga, in ya iya ya zo ya yi wa sama. Ki kuma tambaye shi, ke ma ki tambayi kanki, hayaƙin wa muke biya. Tumakin Baba ba su taɓa ƙera mota ba.

Ki yi haƙuri, ba da ke nake ba. Ki ba Farfesa haƙuri.

Yayarki,
Tungalag

*

Zangon hunturu,
11 ga Fabrairu.

Mi-ran,

Ina gaisuwa. Kin nemi rana, to ki rubuta: ranar Alhamis, shida ga wata, da tsakar rana ciyawa ta iso.

Mota ɗaya ce. Mu kuwa gida sittin da wani abu muka taru a filin makarantar gunduma, wasu tun ranar Laraba suka zo suka kwana a gari. Da muka ga motar ta shigo ita kaɗai, kowa ya leƙa bayanta yana jiran ta biyu. Malamin ofis ya hau kan taya da takarda, ya ce dami biyar kowane gida. Dami biyar abincin kwana biyu ne ga abin da ya rage mana.

An fara kiran suna cikin tsari. Da aka zo kan surukin Baasan, wanda dabbobinsa suka ƙare tun Disamba ya koma birni, sai Baasan ya ɗaga hannu ya ce shi zai karɓa masa. Yaya ya ce mutumin da ba shi da ko akuya, ciyawar me zai ci. Wani daga baya ya ce ashe haka ake yi, to shi ma yana da matattu uku da zai karɓa wa. Aka yi dariya, amma kafin dariyar ta mutu mutane sun danna kan motar.

Ban taɓa ganin irin wannan ba, kuma duk fuskokin na san su tun ina yarinya. Malamin ofis ya faɗo aka bi ta kansa. 'Yan sanda biyu ne kacal, ɗaya ya harba bindiga sama, ba wanda ya waiwaya. Matar da ta koya min karatu na gan ta tana cizon hannun wani. Aka ture Baba ya faɗi tsakanin taya da mutane, na ji yana kiran sunana, da ƙyar na jawo shi ta kwalar riga. Haƙarƙarinsa biyu sun karye.

Da na ɗago sai na hango Yaya da Baasan sun riƙe dami ɗaya, igiyar ta tsinke, suka rungumi juna. Baasan ya fi shi jiki. Ya ɗaga shi ya nana da ƙasa ta baya, ya hau ruwan cikinsa, ya danne masa hannu da gwiwa, ya shaƙe shi da hannu biyu. Fuskar Yaya ta yi baƙi, ƙafafunsa na shure ƙanƙara. Akwai ƙarfen kwance taya da direba ya bari a ƙasa. Yaya ya samu ƙarfen ya bugi Baasan a ƙeya. Ƙarar kamar an fasa ƙanƙarar rijiya. Baasan ya kife a kansa, jini ya bi ta cikin hularsa ya zubo.

Lokacin da ɗan sanda ya iso, Yaya na zaune da ƙarfen a cinya. Ya miƙa hannuwansa da kansa. Baasan kuwa a bayan motar ciyawar aka shimfiɗe shi, matarsa Dolgor na riƙe da kansa, aka nufi asibitin lardi, tafiyar awa shida. Har yau bai farfaɗo ba. Yaya na tsare a can garin.

Dami uku na samu na kawo gida. Ɗaya da jini a gefensa. Sun cinye.

Yanzu ni kaɗai ce da garke da Baba. Ki gaya wa Farfesa ya cire sunana, ku yi ku biyu.

Tungalag

*

Daejeon,
25 ga Fabrairu.

Yaya,

Ina gaishe ki, ina gaida Baba da jiki. Na karanta wasiƙarki a tsaye a bakin akwatin saƙo, na sake karantawa a ɗaki har sau huɗu. Ban kai wa Farfesa saƙonki ba. Na dai karanta wa Noboru wani sashe, sai ya ce kakarsa ma katangar ba ta cece ta ba, ruwan ta saman katangar ya bi. Shafi arba'in, bai rubuta wannan ba.

Ni ma akwai abin da ban rubuta ba. Shekara biyu muna ɗaki ɗaya na ce miki ciwon zuciya ne ya kashe babana. Ƙarya na yi miki. A ɗakin ƙarƙashin ƙasa na girma, irin wanda tagarsa ke daidai da takalman masu wucewa. Ina shekara sha bakwai aka yi ruwan da ba a taɓa gani ba, da yammacin wata Litinin, mama na wurin aiki. Ruwa ya gangaro ta matakala ya danne ƙofa, muka tura ni da baba ta ƙi motsi. Tagar kuma da ƙarafuna saboda ɓarayi. Maƙwabta suka ɓanɓare ƙarfe ɗaya, baba ya ɗaga ni a kafaɗa ya cusa ni ta ramin, fatar bayana ta saɓule. Shi kafaɗarsa ba ta wuce ba. Ina riƙe da hannunsa ta tagar har ruwa ya rufe ta.

Bayan kwana uku wani jami'in gwamnati ya zo da masu ɗaukar hoto, ya tsuguna a bakin tagar da rigar ruwa sabuwa fil, ya tambayi na kusa da shi me ya sa mutanen ba su fita da wuri ba. Akwai bulo a wurin. Ban san lokacin da na ɗauka ba. Na karya masa hanci da haƙora biyu. Mama ta je ofishinsu ta durƙusa, ta ce ita ta sa ni, ta yi ta buga goshi a ƙasa har suka janye maganar. An ce an rufa min asiri. Tun daga ranar ban iya kallon idon mama ba, shi ya sa ko hutu ba na zuwa gida. Alƙaluman da na ce miki sun zauna tsaf, babana na cikinsu.

Na faɗa miki wannan ne don kada ki ɗauka daga sama nake miki tambayar da zan yi. Kin ce Yaya Gantumur na kwance ta baya, an danne masa hannu da gwiwa, an shaƙe shi har ya yi baƙi. Yaya, mutumin da ke haka, ta ina ya kai ga ƙeyar wanda ke kansa?

In ba ki so, kada ki amsa. Daga yau ba wanda zan ƙara karanta wa wasiƙunki.

Ƙanwarki,
Mi-ran

*

Zangon hunturu,
14 ga Maris.

Mi-ran ƙanwata,

Na gode da gaisuwa, Baba ya fara zama da kansa. Na yi kuka saboda babanki, kukan da ban yi wa kowa ba duk hunturun nan.

Ni ce. Kin riga kin sani. Na saki Baba na ruga, na ja rigar Baasan, na kira shi da sunan da nake kiransa tun ina ƙarama, bai ji ba. Idon Yaya ya juye. Ƙarfen na kusa da ƙafata. Da hannu biyu na ɗaga, kuma ba zan ce miki don in tsorata shi na yi ba, da dukkan ƙarfina na sauke. Da Yaya ya samu numfashi ya ture shi, ya dube ni, ya fizge ƙarfen daga hannuna ya ce in je wurin Baba. Kowa na ta ciyawa, na ɗauka ba wanda ya gani.

Baasan ya rasu ranar biyu ga wata, bai buɗe ido ba.

Na bar Baba da wata gwaggonmu na je lardi na ga Yaya. Ya rame, har yanzu muryarsa ba ta fita sosai saboda shaƙar. Na ce masa zan faɗi gaskiya. Ya matso jikin ƙarfen da ke tsakaninmu ya ce, “In kika buɗe baki, ba ni ba ke. Shekara biyu na yi ina shaƙar guba a masana'antar Koriya don ki shiga makarantar nan. Ni makiyayi ne, garkena ya ƙare, ko a waje ko a ciki duk ɗaya. Ki koma karatunki.”

Na ce masa lauya ya ce zai iya shan shekara takwas. Ya ce ya iya ƙidaya.

Na dawo da niyyar in bi maganarsa. Shekaranjiya da hantsi ina fasa ƙanƙarar kwami sai ga Dolgor a kan dokin mijinta. Na ce ta sauko ta sha shayi. Ba ta sauko ba. Ta zuba min bulala a fuska, daga kunne har haɓa, ta ƙara ta biyu a wuya. Na faɗi, ban kare ba. Karenmu ya taso, na riƙe shi.

Ta ce, “Na gan ki. Ina kan motar, na gan ki da idona.”

Na ce to me ya hana ta faɗa wa 'yan sanda. Ta ce ta faɗa tun a asibiti, suka ce mai laifi ya riga ya amsa, ita kuma baƙin ciki ne ke sa ta surutu. Sai ta ce ba don ta ga an ɗaure ni ta zo ba, ɗaurina ba zai tayar da shi ba. Tumakinta tamanin suka rage, nan da kwana goma za su fara haihuwa gadan-gadan, ga 'ya'ya mata uku ƙanana, kuma duk kwarin nan ba namijin da ya rage sai tsoho mai karyayyen haƙarƙari.

“Ke ba ki iya komai ba sai riƙe biro da ƙarfe,” in ji ta. “Ki je ki fito min da wanda ya iya kiwo.”

Ta juya doki ta tafi. Baba na bakin tanti, ya ji duka. Da na shigo ya jiƙa tsumma ya goge min jinin fuska da hannunsa, ya daɗe yana gogewa. Bai ce in je ba, bai ce kada in je ba.

Ban san me zan yi ba, Mi-ran. In na yi shiru na ci amanar Dolgor sau biyu. In na yi magana na zubar da abin da Yaya ya sayar da huhunsa a kai. Direba zai biyo ranar Talata.

Ki kula da kanki. Ki je ki ga mamanki.

Yayarki,
Tungalag

*

Zangon bazara,
19 ga Afrilu.

Zuwa ga Malama Pyo Mi-ran,

Ina gaisuwa da girmamawa. Ni ne Gantumur, wan Tungalag. Ki yi haƙuri da rubutuna, a masana'anta na koyi yarenku.

Ta bi direba ranar Talatar da ta ce miki zai biyo. Ta je ta faɗa wa 'yan sanda gaskiya, Dolgor ta ba da shaida. Sun riƙe ni kwana ashirin a kan ƙaryar da na yi, sannan suka sake ni. Ita tana tsare. Na je ganinta sau ɗaya, na yi niyyar ba zan yi mata magana ba, ban iya ba.

Wasiƙarki ta zo bayan ta tafi. Ban buɗe ba, na kai mata. Na so in ɗora miki laifi, ta ce ba ke ba ce.

Ƙanƙara ta narke. Na haɗa garkenmu da na Dolgor ina kiwo. Ba ta yi min magana, tana dai ajiye min abinci a bakin garke.

Za a yi shari'a ranar ashirin ga Mayu a babban garin lardi. Ta ce in gaya miki kada ki zo. Ni ina roƙon ki zo. Baba ba zai iya hanya ba, ni kuma ba zan iya barin dabbobin gida biyu ba. Ba na so ta waiwaya ta ga ba kowa a bayanta.

In kin sauka Ulaanbaatar, babban birninmu, direba zai jira ki.

Na gode.
Gantumur